Darasi: Yadda Za Mu Gane Lafiyar Kifin Tabkinmu

'Yan'uwa manoma na Unguwar Lalle da kewaye, idan za mu sayi rago mukan taɓa bayansa mu ji ko yana da nama. Kifi kuwa sai mu ƙirga shi kawai. A wannan darasi za mu koyi auna shi.

Kifin fadamar Gulbin Rima yana yin yawancin girmansa da damina ne. Sa'ad da ruwa ya malala cikin ciyawa, tarwaɗa da karfasa sukan bi shi su yi ƙwai, 'ya'yan su sami ƙwari da tsutsa su ci su ƙoshi. Da ruwa ya janye, sai su taru a tabkuna, abinci ya ragu, girma ya kusan tsayawa. Gaiwa ma shigewa laka take yi ta jira wata daminar. Haka yake a ƙasar Mali, wajen Mopti, inda Kogin Kwara yake bazuwa. A farin 1973 da na 1984 ambaliya ta ƙanƙance, kamun masunta ya faɗi ƙwarai.

To, ga abin da muke so kowa ya riƙe. Idan tsawon kifi ya ninka biyu, nauyinsa yakan ninka kamar takwas. Karfasa mai santimita 10 tana da wajen giram 20. A bar ta ta kai santimita 20, za ta kai wajen giram 160. Wanda ya ja tabki da gidan sauro a watan Oktoba, ya tara ƙananan kifi a kwano, ya ci kashi ɗaya ne ya zubar da bakwai. Mun san yunwa ce take sa haka, amma asarar ta dukan ƙungiya ce.

Ku nemi ma'aunin tela da ƙaramin sikeli. Kowane wata ku ɗauki kifi goma iri ɗaya, ku auna daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, ku auna nauyi, magatakarda ya rubuta. Kada ku gwada tarwaɗa da karfasa, gama ginin jikinsu dabam ne. Macen da ta cika da ƙwai kuma takan ruɗi sikeli.

Kifi mai babban kai da siririn jiki yana jin yunwa. Idan kun ga karfasa 'yar ƙarama tana ɗauke da ƙwai a baki, kuma duka tabkin ƙanana ne, sun yi yawa ke nan. A nan ragewa ce magani. Ku yi shawara da Sarkin Ruwa, a kwashe wasu, ko a zuba 'yan tarwaɗa su cinye ƙananan, sa'an nan ku sake aunawa bayan wata biyu.