Darasi: Garin Ƙarfi da Ake Kira Kiriyatin

In ka je Kaduna, ka bi ta Kawo ko Unguwar Rimi da sassafe, za ka ga samari suna ɗaga ƙarfe. Waɗansunsu suna shan wani farin gari, kamar ƙullin rogo. Sunansa kiriyatin. Yanzu labarinsa ya fara isowa ƙauyuka, har 'yan dambe da 'yan kokawa suna tambaya. To, mene ne shi?

Kiriyatin ba baƙo ba ne a jikinmu. Hanta da ƙoda suna yin wajen giram 1 kowace rana. Muna kuma samunsa cikin nama da kifi. Wani masani a Faransa, Chevreul, shi ya fara gano shi cikin nama a shekarar 1832. Ya zama sananne wajen 'yan wasa bayan wasannin Olimfik na 1992 a Sifen.

Kusan dukansa a cikin tsoka yake zaune. Ku dubi murhu. Ƙirare suna kama wuta nan da nan, amma ba su daɗewa. Gungume shi ke kai dare. Kiriyatin kamar ƙirare yake. Yana ba tsoka ƙarfi na ɗan lokaci, wajen daƙiƙa 10, kamar sa'ad da ɗan kokawa ya yunƙura zai ɗaga abokin karonsa. Mai yin noma tun safe har azahar kuwa, tuwo da ruwa su ne gungumensa. Garin nan ba zai ƙara masa kunya ko ɗaya ba.

Masu shansa suna jiƙa giram 3 zuwa 5 a ruwa, wato wajen cokalin shayi guda, sau ɗaya a rana. Kafin a sami wannan daga nama, sai an ci kusan kilo ɗaya. Wa ke da wannan hali kullum? Ƙara yawansa ba ya ƙara ƙarfi. Abin da tsoka ba ta riƙe ba, fitsari ke tafiya da shi, da kuɗin duka.

Yana jawo ruwa cikin tsoka, mutum ya ƙara nauyin kilo 1 ko 2. Wanda ba ya motsa jiki, wannan ruwa kaɗai zai samu.

Hukumomin wasanni ba su hana shi ba. Amma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai ya ga likita. Kada a ba yara. A kasuwa kuma akwai jabu, har da wanda aka gauraya da ƙwayoyi masu ɓarna. In ba ka ga lambar hukumar NAFDAC a jikin gwangwani ba, mayar da kuɗinka aljihu.

Tambayoyi
1. Ina kiriyatin yake zama a jiki?
2. Don me ba ya taimakon mai noma?
3. Rubuta waɗannan kalmomi: tsoka, ƙoda, ƙirare.