Yaɓe Kafin Damina: Gargaɗi Ga Masu Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a ɗakin ƙasa, a Mai Wurno ko a ƙauyukan Jazira, ya san ba a jiran hadari ya haɗo kafin a yi yaɓe. Tun da rani maigida ke hawa rufi yana neman tsaga. To, jama'a, kwamfuta ma tana da tsaga, sai dai ita ba a ganinta da ido.

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows, da burauzar da ake shiga intanet da ita, irin su Chrome da Firefox, duk aikin hannun mutum ne, ba ya rasa kuskure. In masu ita suka gano wata kafa, sai su aiko da gyara. Wannan shi ne sabuntawa, abin da maƙwabtanmu Larabawa ke kira tahdis. Abin lura shi ne, ranar da aka fitar da gyaran, ranar ɓarayi ma suke sanin inda kafar take. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft, mai Windows, ya toshe wata irin wannan kafa. Watanni biyu bayan haka cutar WannaCry ta bi ta nan ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila. Waɗanda suka yi gyaran tun farko ba ta taɓa su ba.

Mu a Sudan muna da uzurinmu, gaskiya. Tun 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, shafukan kamfanoni da yawa suka rufe mana ƙofa. Sai aka saba da Windows ta kwafe, wadda mai gyara a kasuwar Wad Madani ko Sinnar zai zuba maka, ya kashe sabuntawa, ya kuma ja maka kunne kada ka kuskura ka taɓa. Amma an sassauta takunkumin manhajojin sadarwa a 2015, aka ɗage galibin sauran a Oktoba 2017. Uzuri ya tafi, al'ada ce ta ƙi tafiya.

Yanzu kuwa abin ya wuce wasa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya. Kuɗin auduga da na dawa, da abin da ɗa ya aiko daga Saudiyya, duk ta manhajar banki ta Bankak suke zuwa. Mutum ya ƙulla dukiyarsa a na'ura, sannan ya bar ta da ƙyaure a buɗe!

Ga abin yi. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, za ka ga wace iri gare ka. In Windows 7 ce, an daina aiko mata da gyara tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ta rabu da ita a farkon 2023. Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ƙarfinta bai kai Windows 11 ba, kada a jefar, a sa mata Ubuntu ko Linux Mint, kyauta ne, babu sata a ciki. Burauza kuwa da kanta take ɗauko gyara, amma ba ya kama aiki sai an rufe ta an sake buɗewa.

Na san kukan mutane: data tsada, lantarki babu tabbas. Haka ne. To, a tara aikin sai ranar da aka samu intanet mai ƙarfi, kuma a tabbata batir a cike yake, don yankewar wuta ana cikin sabuntawa kan lalata na'ura. In wani shafi ya faɗo maka yana cewa latsa nan ka sabunta, rufe shi, tarko ne. Daga cikin saitin na'ura ake yin gyaran gaskiya.

Malaman makaranta da samarin da Allah ya ba sanin wannan abu, don Allah ku duba wa iyayenku nasu, har da wayoyinsu.