Darasin Wannan Wata: Rage Cin Itace a Hunturu Ba Tare da Cutar da Iyali Ba

Zuwa ga iyaye maza da mata, da matasa, da dukkan mazauna sansanin Minawao. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan darasi, wanda kuma yake jin Kanuri ko Mafa ko Fulatanci ya fassara wa waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba.

Hunturu ya shigo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska mai sanyi da ƙura tana kaɗowa daga arewa maso gabas, kuma ɗarin ya fi cizo da asuba. Itace da gawayi sun yi tsada. Tun da aka buɗe sansanin nan a 2013 itatuwan da ke kewaye da mu suke raguwa, tafiyar neman itace kuma sai ƙara nisa take yi. A ofishin kariya, inda muke aikin tafinta, maganar da muka fi fassarawa a makonnin nan ita ce: wuta ɗaya gida yake iya hurawa a yini, in an yi girki babu ta jin ɗumi, in an ji ɗumi babu ta girki.

Rage wuta ba abin kunya ba ne, kusan kowane gida yana yi. Sai dai akwai ragin da yake rage kashe kuɗi, akwai kuma wanda yake kai mutum asibiti. Abu uku muke so kowa ya riƙe: itacen da ake da shi na girki ne tukuna, ɗumin dare a neme shi a sutura da shimfiɗa, garwashi kuma ba ya kwana a ɗaki.

1. Garwashi a rufaffen ɗaki

A hunturun bara wata uwa ta zo da ’ya’yanta uku da sassafe, dukkansu da ciwon kai da jiri, ƙaramin yana amai. Ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Da muka raka su asibiti muna fassarawa, sai ma’aikacin jinya ya tambaye ta yadda suka kwana. Ta ce bayan tuwon dare ta kwashe garwashin a kasko ta shigar ɗaki, ta toshe ƙofa da tsumma don kada ɗumin ya fita. Abin da ya cece su shi ne babbar ’yar ta tashi fitsari cikin dare ta bar ƙofa a buɗe. Uwar dabarar tattali ta yi, ba sakaci ba, kuma da yawa daga cikinmu mun taɓa yin irinta.

Gawayi ko garwashi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Garwashin da ya yi jajir babu hayaƙi shi ma yana fitar da ita. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, saboda haka ƙwaƙwalwa da zuciya sai su rasa iskar da suke rayuwa da ita. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Jarirai, masu ciki da tsofaffi su take fara kamawa.

Gawayin da ake curawa a nan sansani da ɓawon gyaɗa da ragowar amfanin gona yana da kyau wajen girki, yana kuma rage sare itatuwa, amma shi ma wuta ce, hukuncinsu ɗaya.

Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai a lokaci guda, kuma wuta ta kwana a ɗakin, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje nan take, a kai su asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko kunu. A gaya wa ma’aikacin asibiti cewa an kwana da garwashi, domin alamomin suna kama da na zazzaɓi.

2. Ɗumin da ba ya cin itace

Jikin mutum da kansa yake yin ɗumi, daga abincin da ya ci. Aikin bargo shi ne ya tsare wannan ɗumin kada ya gudu. Shi ya sa wanda ya kwana da yunwa ya fi jin ɗari, kuma shi ya sa sayar da rabon hatsi don sayen itacen jin ɗumi asara ce biyu.

Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda muke zato. Kafin a shimfiɗa tabarma a sa kwali, ko buhu, ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashinta. In bargo biyu ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama ya fi a lulluɓa da duka biyun a kan tabarma zalla.

Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi mai kauri guda ɗaya, domin iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. A sa wa yara hula da safa kafin su kwanta. Rigar da ta jiƙe da ruwa ko fitsari a cire ta nan da nan, jiƙaƙƙen tufa yana jawo sanyi.

A toshe ƙarƙashin ƙofa da inda tamfol ya yage ta gefen da iska take bugowa, a jingina zana a wannan ɓangaren. Amma a bar ’yar kafa ta sama, kuma a tabbata babu wuta a ciki. Da rana a buɗe ɗaki ya sha iska, a shanya barguna.

A mayar da wankan yara zuwa rana tsaka. Bokiti ko jarka mai duhun launi da aka ajiye a rana tun hantsi ruwanta yakan yi ɗumin da ya isa wanka. Bayan wanka a shafa mai saboda kaushi da faso.

3. Waɗanda ba a yi wa ragi

Jariri sabon haihuwa ba ya iya tsare ɗuminsa. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Kada a yi masa wanka sai ya cika awa 24 da haihuwa. A sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare ba tare da an rufe masa fuska ba, a riƙa ba shi nono akai-akai. Wannan ya fi kowane kasko, musamman ga bakwaini da wanda aka haifa ƙarami. Idan kun taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa kun ji sanyi, ko ya ƙi kama nono, a tafi asibiti yana manne a jikin uwarsa.

Mun san wankan jego yana cin itace sosai, kuma mun san iyayenmu mata ba sa wasa da shi. Ruwa mai ɗumi da hannu zai iya jurewa ya wadatar. Tafasasshe yana ƙona fata, kuma ba a hura wa maijego wuta a ƙarƙashin gado ko a rufaffen ɗaki.

Tsofaffi sukan yi sanyi ba su faɗa ba. Tsohon da kuka ga ya rikice, maganarsa tana sarƙewa, barci yana ta ɗibarsa, jikinsa da sanyi, a lulluɓe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi in yana iya haɗiya, a kai shi asibiti. Masu sikila sanyi yana tayar musu da ciwo, su yawaita shan ruwa ko ba su ji ƙishi ba. Yaran da ke karɓar maganin tamowa su ma a fifita su wajen bargo.

Sanyi da ƙura da hayaƙi suna haɗuwa su kai yaro ga nimoniya. Ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya lokacin da yake natse. In bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye haɗari ne. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, 40 ko fiye. Haka kuma in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi. Kada a jira gari ya waye.

4. Girki da itace kaɗan

A murhun duwatsu uku mafi yawan zafin wuta iska ce ke kwashe shi. Murhun laka da ya kewaye tukunya, ko ’yar katangar laka ta gefen iska, yana rage wannan asara. Ga sauran dabaru:

A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri.

A rufe tukunya da murfi. In ta tafasa a janye itace ɗaya ko biyu, ƙarin wuta ba ya ƙara wa tafasasshen ruwa zafi.

A haɗa komai kafin a hura wuta: daka, yanka, ruwa.

A faskara itace ƙanana a shanya shi. Ɗanyen itace rabin ƙarfinsa a hayaƙi yake tafiya.

A gwada kwandon ɗumi. A cika kwando ko kwali da ƙaiƙayi, ciyawa ko tsummoki, a bar gurbin tukunya. Shinkafa ta tafasa minti 5, wake jiƙaƙƙe minti 15, sai a sauke da murfinta, a sa a gurbin, a rufe sama da tsumma mai kauri. Shinkafa takan nuna cikin minti 40 ko kusa da haka, wake cikin awa 3 zuwa 4. In abincin ya huce kafin a ci, a sake tafasa shi.

Gida biyu ko uku su haɗa wuta, wannan ta sauke waccan ta ɗora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A yi girkin dare da wuri a waje, iyali su ji ɗuminsa a tsakar gida, su ci da zafinsa, su kwanta. Ragowar garwashi a yayyafa masa ruwa a shanya, gawayin gobe ne.

Kada a ƙona leda, roba, tsohon takalmi ko yagaggen tamfol. Hayaƙinsu guba ne ga huhu.

5. Fita neman itace

Kowane itacen da aka tattala tafiyar daji ce aka rage, kuma a wannan tafiyar ake samun yawancin matsalolin da suke zuwa ofishinmu. A fita a ƙungiya, bayan rana ta fito, a dawo kafin la’asar sakaliya. A faɗa wa wani a gida inda aka nufa, a ɗauki takardar shaida. Kada a aiki yaro ko yarinya su kaɗai. Karan da ke gona yana da mai shi, a nemi izini. Ba a sare ɗanyen itace, ba a shiga dajin da hukuma ta kange, ba a taɓa itatuwan da aka dasa a sansani. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu su ma wannan tsadar suke fama da ita.

Wadda aka tare, ko aka buga, ko aka ci wa zarafi, ba laifinta ba ne. In fyaɗe ne a je asibiti cikin awa 72, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki. Abin da aka faɗa a ofishin kariya sirri ne, mu masu fassara ma amanar tana kanmu, kuma mace tana da damar neman mace ta fassara mata. Taimakon jinƙai kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko jikin mace kafin ya ba da bargo, murhu ko gawayi, ko wane ne shi, a kawo ƙararsa.

6. Gobara da ƙuna

A hunturu komai a bushe yake. Tamfol, zana da gidan sauro suna kamawa kafin a ankara. A nisanta murhu da su, a ajiye bokitin yashi kusa, kada a bar yaro shi kaɗai a bakin wuta, haka ma mai farfaɗiya. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai sanyi, mai tsabta, har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a lulluɓe sauran jikinsa, a tafi asibiti. Ba a shafa man goge baki, ƙwai, manja ko toka.

Tambayoyin bita

Me ya sa garwashin da ba ya hayaƙi yake da haɗari?

Su wa za a fara ba bargo a gidanku?

Numfashi nawa ne haɗari ga ɗan wata 6?

Wace dabara ɗaya za ku gwada a girkin gobe?

Aikin wannan mako: kowane gida ya leƙa maƙwabcinsa, musamman tsohon da ke kwana shi kaɗai, maijego, da gidan da yara ne ke riƙe da shi. Wanda kuka samu ba shi da abin rufa, ku sanar da shugaban unguwa ko ofishin kariya. In kuma kun ga ana shigar da kasko ɗaki da dare, ku yi sallama ku faɗa musu abin da kuka karanta a nan. Gara a ce kun cika shisshigi da a wayi gari ana salati.

Sai darasi na gaba. Mu kwana lafiya, mu tashi lafiya.