Kantin Sadaka a Ingila: Yadda A Ke Ba da Tsofaffin Kayan Ɗaki

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, don su san wata hanya da mutanen Ingila su ke bi wajen taimakon mabukata. A ƙasar nan da wuya a sami gari, ko da ƙarami ne, wanda ba shi da kantin sadaka. Watau kanti ne wanda mafi yawan kayan cikinsa kyauta aka kawo su. A kan sayar da su da araha, ribar kuwa ta tafi ga jinyar marasa lafiya, ko ciyar da mayunwata, ko saukar da waɗanda ba su da wurin kwana. Irin waɗannan kantuna sun kai wajen 10,000 a Birtaniya duka. Yawancinsu tufafi da littattafai su ke sayarwa, amma wannan darasi ya tsaya ne a kan manyan kaya, kamar gado da katifa da tebur da kujera da kabad, da kayan lantarki irin su firji da injin wanki.

Abu guda ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko. Kyauta ba ta cika kyauta ba sai ta amfani wanda aka bai wa. Abin da mutum ya kai kantin sadaka don kawai ya rabu da shi, ba taimako ya yi ba, kaya ya ɗora wa masu taimako.

1. Mafarin al'amarin

A shekarar 1890 William Booth, wanda ya kafa ƙungiyar Salvation Army, ya wallafa littafi a kan halin matalautan Ingila. A ciki ya ba da shawara a riƙa bi gida gida ana karɓar abin da masu hali suka daina amfani da shi, a gyara, a sayar, marasa aikin yi su sami sana'a.

Amma kantin da aka fi ɗauka a matsayin uban na yanzu, na ƙungiyar Oxfam ne. An kafa ta a birnin Okusfod a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, domin agajin mutanen ƙasar Girka da yunwa ta kama. A watan Disamba na 1947 ta buɗe kanti a lamba 17, titin Broad Street. Mutumin da aka ɗauka ya kula da shi a 1949, Joe Mitty, ya shahara da cewa babu abin da ba zai iya sayarwa ba, har jaki mai rai an taɓa kawo masa, ya kuwa sayar.

A Faransa kuma wani limamin Kirista, Abbé Pierre, ya kafa ƙungiyar Emmaus a 1949 kusa da birnin Faris. Tsarinta shi ne, mutanen da ba su da muhalli su zauna wuri ɗaya, su riƙa ɗauko tsofaffin kaya suna gyarawa suna sayarwa, su ci daga guminsu. Ƙungiyar ta shigo Ingila a farkon shekarun 1990, ta fara da Kambirij. Sa'an nan ga ƙungiyar British Heart Foundation, wadda aka kafa a 1961 don binciken ciwon zuciya. A 2001 ta buɗe kantinta na farko wanda babu kome cikinsa sai kayan ɗaki da na lantarki.

2. Yadda aikin ya ke tafiya

Riga ko littafi mutum kan sa cikin jaka ya kai da kansa. Gado da firji kuwa sai da mota da mutum biyu ƙarfafa, sai kuma da wurin ajiya mai faɗi. Saboda haka kowane babban kaya yana cin kuɗin ƙungiya tun kafin a sayar da shi: ga man mota, ga ladan direba, ga hayar kanti. Wannan shi ne dalilin da ya sa a ke tsantseni wajen karɓa.

Mai son ba da kaya ya kan buga waya, ko ya cika takarda ta intanet, ya faɗi irin kayan da halin da su ke ciki. Manyan ƙungiyoyi kan aiko da mota ba tare da ya biya kome ba. Idan masu ɗauka suka iso sai su duba kayan da idonsu, gama gani ya kori ji, kuma suna da ikon su ƙi. A kan ƙi katifa mai tabo, da kujerar da ta yage ko ta ke wari, da teburin da ƙafarsa ke rawa, da katakon da ƙwaro ya ci. Abin da aka karɓa a kai shi kanti, a goge, a gwada, a rubuta masa farashi.

3. Gobarar Mancesta da ƙyallen shaida

Abin da ya fi ba masu kyauta mamaki shi ne a ƙi kujerar kushin mai kyau sumul, don kawai babu wani ɗan ƙyalle a jikinta. Dalilin wannan yana da tarihi mai ban tausayi.

Ranar 8 ga watan Mayu, 1979, wuta ta tashi a babban kantin Woolworths na birnin Mancesta, a benen da a ke ajiye kujeru. Kujerun nan cike su ke da soson roba, wanda ya kan kama nan da nan, ya kuma fid da baƙin hayaƙi mai dafi. Mutum 10 suka mutu, yawancinsu hayaƙin ne ya kashe su tun wuta ba ta kai gare su ba. Bayan wannan masu aikin kashe gobara suka yi ta matsa wa Gwamnati, har aka yi doka a 1988. Dokar ta ce lalle kayan ɗaki masu soso su ci jarrabawar wuta, watau a tabbata taba sigari ko ashana ba za ta sa su kama da sauƙi ba. Wanda ya ci jarrabawa sai a ɗinka masa ƙyalle mai rubutu, yawanci a ƙarƙashin kujera ko a bayan matashinta.

Doka ba ta bambanta sabo da tsoho ba, ba ta kuma bambanta kantin ɗan kasuwa da kantin sadaka ba. Idan ƙyallen ya ɓace, kanti ba shi da shaidar da zai nuna wa ma'aikacin hukuma, saboda haka ba zai karɓa ba. An dai keɓe kayan da aka yi kafin 1950. Mutane da yawa kan yanke ƙyallen da almakashi ranar da suka sayi kujera, don sun ga yana reto. Ta haka su kan rufe wa kujerar ƙofar sadaka tun shekaru goma kafin su yi niyyar bayarwa.

4. Kayan lantarki

Tsohon kayan lantarki yana iya jan mutum, yana kuma iya tad da gobara. Don haka ba kowane kantin sadaka ke karɓarsa ba, sai wanda ya ke da gwanin da aka koya wa aikin gwaji. Gwanin nan ya kan duba wayar ko ta kwaile, ya duba fulogi da fis, sa'an nan ya sa abin a na'urar awo, ya ga ko wuta tana zurarewa zuwa jikin ƙarfen. Bayan haka ya kunna, ya tabbata firji yana sanyi, injin wanki yana juyawa ba ya yoyo. Abin da ya ci gwaji a manna masa takarda mai kwanan wata.

Akwai kayan da yawancin kantuna ba su karɓa ko da sun yi kyau a ido, kamar murhun gas, da bargo mai lantarki, da kujerar jariri ta cikin mota. Laifin irin waɗannan ɓoye ya ke, ba a gane shi sai ranar da ya yi ɓarna.

5. Wa ke amfana, kuma ina kuɗin ke tafiya?

Amfani iri uku ne. Na farko ga ƙungiyar da ta sami kuɗin gudanar da aikinta. Na biyu ga mai saye. A Ingila gidajen haya na hukuma yawanci babu kome cikinsu a ke ba da su. Mutumin da ya fito daga kwanan titi, ko matar da ta gudo da 'ya'yanta daga gidan da a ke dukanta, ta kan karɓi mabuɗi ta tarar da ɗaki babu gado, babu murhu, ga kuma hunturun ƙasar. Ga irin wannan, gado mai araha ba ƙaramin abu ba ne. Na uku ga gari, domin abin da aka sake amfani da shi bai tafi juji ba.

Gwamnati tana ƙarfafa wannan aiki ta hanyar haraji. A Ingila a kan yafe wa kantin sadaka kashi 80 cikin 100 na harajin da a ke ɗora wa gine-ginen kasuwanci. Akwai kuma tsarin da a ke kira Gift Aid, wanda aka soma a 1990. Idan mai kyauta yana biyan harajin samu, ya kuma sa hannu a takarda, Gwamnati kan ƙara wa ƙungiyar kwabo 25 a kan kowane fam, fam kuwa kwabo 100 ne tun 1971. Misali, kabad ɗin da aka sayar fam 80 ya zama fam 100 a hannun ƙungiya.

Nan ne aikin malamin ofis ya ke da muhimmanci. Tilas a ba kowane mai kyauta lamba, a rubuta lambar a jikin kowane kaya nasa, a shigar da farashin cikin littafi ranar da aka sayar, daga baya a rubuta masa a gaya masa abin da kayansa suka kawo. Idan lamba ta faɗi, ƙarin nan ya ɓace. Har wa yau ƙungiyoyin suna ƙarƙashin wata hukuma mai rajistar ayyukan sadaka, wadda su ke aika wa lissafinsu kowace shekara, kowa kuma yana da ikon dubawa. Wannan ne ya sa mutane su ke sakin jiki su ba da kayansu.

6. Sadakar da ta zama ɗawainiya

Yawancin majalisun gari a Ingila sai an biya su kafin su zo su ɗauke tsohon gado ko firji. Don gudun wannan biya, waɗansu kan sauke kayansu da dare a ƙofar kantin sadaka. Kafin gari ya waye ruwa ya jiƙe su, ko masu tone-tone sun watsa su a titi. Doka tana ɗaukar wannan a matsayin zubar da shara inda bai halatta ba, ana kuma iya cin mutum tara.

Wani zai ce, da babu gara ba daɗi. Wannan karin magana ba ta ci a nan ba. Abin da kanti bai iya sayarwa ba, shi zai nemi hanyar zubar da shi, da motarsa da lokacin ma'aikatansa. Tun daga watan Janairu na 2023 kuma, ba a yarda a binne lalatattun kujerun kushin a Ingila ba, sai dai a ƙone su a masana'anta ta musamman, saboda magungunan hana kamawar wuta da ke cikin sosonsu. Kuɗin da ya tafi wajen kawar da ruɓaɓɓiyar kujera, kuɗin magani ne ko na abinci aka rage.

Matsalar ba ta tsaya cikin Ingila ba. Shekaru da yawa 'yan kasuwa sun yi ta loda tsofaffin firji da talabijin na Turai a jiragen ruwa zuwa Legas da Tema da sunan kayan hannu, alhali da yawansu matattu ne. Tsohon firji yana shan wuta ƙwarai, iskar da ke cikinsa kuma tana ɓata sararin sama. Saboda haka ƙasar Gana ta hana shigo da shi tun daga 2013. Ƙa'idar ɗaya ce, ko tsakanin maƙwabta ko tsakanin ƙasashe: ba a mai da ƙofar mabukaci juji.

7. Abin da ya kamata a riƙe

(a) Mai bayarwa ya tambayi kansa: da shi ne mai saye, zai ba da kuɗinsa a kan wannan abu?
(b) Ya faɗi gaskiyar laifin kayan tun kafin mota ta taso.
(c) Ya wanke, ya goge, ya haɗa ƙusoshi da mabuɗai da waya wuri ɗaya.
(d) Kada ya cire ƙyallen shaida daga jikin kujera ko katifa.
(e) Ya miƙa kaya hannu da hannu, lokacin da kanti ya ke buɗe.
(f) Masu karɓa su kuma kada su ji kunyar ƙin abin da ba shi da amfani, su rubuta kome, su ba da rasit, su bayyana lissafi.

Duk Hakimin da aka nemi shawararsa a kan tara kaya don waɗanda gobara ko ambaliya ta shafa, zai ga cewa ƙa'idodin nan shida za su yi masa amfani, ko da babu kanti.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe kantin Oxfam na farko, kuma a wane birni?
2. Me ya sa a ke ƙin kujerar kushin da ba ta da ƙyallen shaida?
3. Idan aka sayar da gado fam 60, mai shi kuma ya sa hannu a takardar haraji, nawa ƙungiya za ta samu duka?
4. Bayyana yadda kyautar lalataccen kaya ta kan jawo wa ƙungiya hasara.