Iyakar Rajistar Kwamfutocin Ofis: Bayani Ga Ma'aikata Da Shugabanninsu

A da, idan ma'aikata ta sayo sabon tafireta, sai mai kula da sito ya rubuta lambarsa a littafin kaya, ya miƙa wa akawu, akawu ya sa hannu, magana ta ƙare. Kwamfutar tafi-da-gidanka da ake raba wa ma'aikata a yau ita ma tana da littafinta. Sai dai wannan littafi yana can cikin manyan rumbunan kwamfutoci da ake isa gare su ta intanet, waɗanda ake yi wa laƙabi da gajimare. Daga can ne hukuma take aika wa kwamfuta manhajoji, ta ɗora mata dokokin tsaro, ta kuma goge abin da ke cikinta idan an sace ta, ko tana Legas ko tana Maiduguri.

Kamfanin Microsoft ya fito da wani tsari mai suna Windows Autopilot a shekarar 2017 domin sauƙaƙa wannan aiki. Kowace kwamfuta tana da wata doguwar lambar shaida da ake samu daga kayan cikinta, kamar dai zanen yatsan mutum. Dillali ko jami'in kwamfuta yakan shigar da waɗannan lambobi tun kafin a raba kayan, har guda 500 a jeri ɗaya. Sa'an nan ma'aikaci ya buɗe kwali, ya haɗa kwamfutar da intanet, ya shigar da sunan asusunsa na aiki da kalmar sirri. Nan take kwamfutar za ta gane ko ta wace hukuma ce, ta yi rajistar kanta, ta ɗauko manhajojinta. Masu sayen kaya su lura: kwamfuta mai ɗauke da Windows Home ba ta shiga wannan tsari, komai arharta.

Littattafai biyu, iyaka biyu

To, rajistar nan tana da iyaka, kuma a kan mutum ake ƙidaya ta. Abin da ke rikita jami'ai da yawa shi ne littattafan biyu ne. Na farko shi ne Entra ID, wanda kafin shekarar 2023 ake kira Azure Active Directory. Shi ne mai riƙe da sunayen ma'aikata da na'urorin da aka jingina ga kowannensu. Idan ba a taɓa shi ba, yana ƙyale mutum ɗaya ya mallaki na'urori 50. Ana iya ɗaga adadin zuwa 100, ko a cire iyakar ɗungurungum. Na biyu shi ne Intune, watau mai sarrafa na'urorin da aika musu umarni. Shi kuwa iyakarsa ta farko na'urori 5 ne ga mutum guda, ba a kuma iya wuce 15.

Iyakar Intune ba ta hawa kan kwamfutocin da suka shigo ta hanyar Autopilot. Wadda take aiki a kansu ita ce ta Entra ID. Saboda haka jami'in da ya ga rajista ta cije, ya garzaya ya mai da 5 zuwa 15, zai dawo ya tarar da kwamfutar tana nan yadda ya bar ta, ya ɓata yini guda a banza.

Mai karatu zai ce, wane ma'aikaci ne zai tara na'urori 50? A ɗauka wata hukuma ta sayo kwamfutoci 80. Jami'in kwamfuta, don ya hutar da abokan aikinsa, sai ya zauna yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya da asusunsa na kansa. Dama yana da kwamfuta da waya a rubuce da sunansa, domin wayar da aka yi wa rajistar aiki ita ma tana cikin lissafi. Zai gama 48 lafiya, ta 49 ta ƙi, ta nuna masa cewa an cika adadi, wani lokaci da lamba 801c000e. Ma'aikata 32 ke nan za su zauna hannu rabbana har sai an warware matsalar.

Amma fa ɓarnar da ta fi girma tana cikin guda 48 da suka shiga. Littafi ya nuna duk na mutum ɗaya ne. Ran da ɗaya ta ɓace, ba a san hannun wa take ba sai an koma bincike. Har ila yau, idan hukuma ba ta hana ba, wanda aka rubuta a matsayin mai na'ura yana iya ganin mabuɗin BitLocker nata, watau lamba mai alƙaluma 48 da ake buɗe kullen bayanan kwamfuta da ita. Ɓarawon da ya samu shiga asusun jami'in nan ya samu mabuɗan ɗakuna masu yawa a tashi ɗaya. Dalilin sa iyaka ke nan tun farko.

Hanyoyin da suka dace

Mafi sauƙi shi ne a bar kowane ma'aikaci ya buɗe tasa da asusunsa, domin haka aka gina tsarin. Inda intanet ba shi da ƙarfi, kamar yadda yake a ofisoshin reshe da dama, akwai hanyar shiri tun kafin rabo. Jami'i zai kunna kwamfutar a hedkwata, ya danna maɓallin Windows sau 5 a shafin farko, ya bari ta sauke manyan manhajoji, sa'an nan ya sake rufe ta ba tare da ya sa asusunsa ba. Ma'aikaci ya ƙarasa ɗan abin da ya rage da sunansa. Kwamfutocin da jama'a ke amfani da su tare, irin na ɗakin karatu ko teburin karɓar baƙi, suna da hanyarsu ta daban wadda suke yi wa kansu rajista babu sunan kowa. Waɗannan hanyoyi biyu suna bukatar kwamfuta mai guntun tsaro TPM 2.0, sai a rubuta haka cikin takardar odar kaya.

Akwai kuma asusu na musamman a Intune, na manajan rajistar na'urori, wanda aka yarje wa har na'urori 1,000. Duk da haka iyakar Entra ID tana kansa. Idan tana 50, a 50 zai tsaya. Ita kuwa wannan iyaka ɗaya ce ga dukan ma'aikatan hukuma. Shugaban da ya ba da izinin cire ta don jami'i guda, lalle ya san ya cire ta ne ga kowa, har da asusun da wata rana zai iya faɗawa hannun 'yan damfara. A ganinmu bai kamata a yi haka ba sai da rubutaccen dalili.

Share tsofaffin sunaye

Na'urorin da suka lalace ko aka yi gwanjonsu sukan ci gaba da cin gurbi a littafi. Share su wajibi ne, amma da natsuwa. Cire na'ura daga Intune ba lalle ya cire ta daga Entra ID ba, sai an duba duka biyun. A fara da dakatar da ita na ɗan lokaci, a ga ko wani zai kawo kuka, domin ma'aikacin da ya tafi hutun shekara ko kwas kwamfutarsa takan yi shiru kamar matacciya. A kwafe mabuɗin BitLocker a adana kafin a goge, don goge sunan yana tafiya da mabuɗin. Idan kwamfutar ta kulle daga baya, bayanan sun tafi ke nan. Wadda ke cikin jerin Autopilot kuwa, sai an cire ta daga can kafin a goge ta daga Entra ID. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa hukumomi da kamfanoni alhakin tsare bayanan jama'a da ke hannunsu, kuma hukumar da ba ta san kwamfutocinta nawa ne ba, da wuya ta sauke wannan nauyi.

Kai kuma ma'aikaci, idan sabuwar kwamfutarka ta ƙi rajista, rubuta lambar da ta nuna daidai yadda take, ka kai wa sashen kwamfuta tare da lissafin wayoyi da kwamfutocin da ka taɓa yin aikin ofis da su. Kada ka ari asusun abokin aikinka don ka wuce wurin, kada kuma ka ba da aron naka, ko da maigidanka ne ya nema.