Darasi na 17: Ciniki da Wanda Ba Ka Gani Ba

A zamanin iyayenmu, in mutumin Masanawa ya sami abin sayarwa, sai ya ɗora wa jakinsa ya nufi kasuwar Kabo, ko Gwarzo, ko Getso. Can zai ga mai saye ido da ido. A taya, ya ce albarka, a ƙara, ya sallama. Ya ƙirga kuɗinsa, mai saye ya ɗauki kayansa. In ciniki babba ne, dillali yana tsaye. Zai ci la'adarsa, shi ne kuma shaida. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, su ma a gaban mai masaukinsu su kan yi ciniki. Ko gardama ta tashi, akwai wanda ya gani.

Yanzu waya ta zama kasuwa. Mutum ya kan ɗauki hoton buhun wakensa, ko ragonsa, ko hulunan da ya ɗinka, ya sa a WhatsApp, ko Facebook, ko Jiji. Mace tana cikin ɗakinta ta sayar da man gyaɗa da yaji da turaren wuta. Wani a Kaduna ko Abuja ko Legas ya gani, ya ce yana so. A farkon shekarar 2023, sa'ad da aka canja takardun Naira, tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai. Mutane da yawa a ƙauyuka suka buɗe asusu tilas, suka koyi karɓar kuɗi ta waya. Wannan abu ne mai kyau, gama kasuwarka ta yi faɗi. Amma ka lura da abin da ya ɓace. Babu dillali. Babu mai masauki. Ba ka san fuskar mai sayen ba, ba ka san ubansa ba, ba ka san mai unguwarsa ba.

To, wa zai zama shaidarka? Rubutu. Domin haka ne aka sa wannan darasi a littafin karatu.

Bari mu fara da kuɗi, gama a nan aka fi cutar mutane. Mai saye ya ce maka, ya turo. Wayarka ta yi ƙara, ka ga saƙo mai kama da na banki. Ko kuwa ya aiko maka hoton rasit, da sunanka, da adadin kuɗin. Kada ka saki kaya tukuna. Saƙo ba kuɗi ba ne. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Macuta sun iya ƙera su duka biyu, shi ne ake kira alat na bogi. Kai da kanka za ka duba asusunka. Kowane banki yana da lambarsa ta dubawa, wadda ta kan fara da alamar tauraro. Ka danna, ka ga abin da ke ciki. In jiya kana da Naira 12,000, aka ce an turo maka 60,000, lalle ne ka ga 72,000, ko kusa da haka in banki ya cire ɗan abinsa. In ka ga 12,000 ɗinka suna nan yadda suke, ba a turo kome ba. Zai ce maka sabis ne ba kyau, kuɗin suna hanya, mota za ta tashi, ka yi sauri. Ka ce masa ba kome, gobe ma akwai mota. Mai gaskiya zai jira. Mai gaggawa da yawa, shi ne abin tsoro.

Wani kuma zai ce ya yi kuskure, wai 60,000 zai turo, sai ya turo 90,000, ka taimaka ka mayar masa da 30,000. Amsar ɗaya ce. Duba asusunka. Sau da yawa ko sisi bai shigo ba, naka yake so ka fitar.

Lambar sirrinka kuwa, da lambobin da banki ya kan aiko maka a saƙo, da lambar BVN wadda aka fara yi wa mutane a shekarar 2014, ba a buƙatar ko ɗayansu domin a biya ka. Mai turo kuɗi sunan banki da lambar asusu kaɗai yake bukata. Duk wanda ya nemi fiye da haka, ba biyanka zai yi ba, kwashe naka zai yi.

Yanzu kuɗi sun shiga. Saura aika kaya. Mu a nan, yawanci direba mu kan ba. Mota ta bi hanyar Gwarzo, ta wuce Rimin Gado, ta shiga Kano ta Kabuga. Daga nan a kai kayan wata tasha, a sa su a wata mota mai zuwa garin mai sayen. Ka ga kayanka za su bi hannu biyu ko uku kafin su isa. Bayan kwana uku sai waya ta zo. Mai saye ya ce bai ga kome ba, a mayar masa da kuɗinsa.

A nan sai a yi hankali. Kada ka fara da zagi. Ba duk mai cewa bai gani ba ne maƙaryaci. Mota ta kan lalace a hanya. Direba ya kan sauke kaya a tashar da ba ita ba. Wani lokaci buhu yana nan a ofishin 'yan kamasho, ba wanda ya zo ɗauka, gama an yi kuskuren lamba ɗaya a cikin lambar waya. Wanda ya biya kuɗinsa bai ga kayansa ba, yana da hakki, kuma dole ransa ya ɓaci. Amma akwai kuma wanda ya karɓi kaya, ya kai gida, sa'an nan ya ce bai gani ba, domin ya haɗa kaya da kuɗi. Ta waya muryarsu ɗaya ce. Ba za ka iya rarrabe su da kunne ba.

Ga kuma abin da ya kamata ka sani tun da wuri. In magana ta kai gaban alƙali, mai sayen ya nuna ya biya, kai kuma ka ce ka kai, kai za a ce ka kawo shaida. Gama kai ne mai cewa an yi abu. Shi cewa yake ba a yi ba, kuma da wuya mutum ya kawo shaidar abin da bai faru ba. Saboda haka shaida tun ran aikawa ake tara ta, ba ran rigima ba.

Kafin ka ɗaure kaya, ka ɗauki hotonsu. In abin awo ne, ka ɗauka yana kan sikeli. Ka rubuta sunan mai sayen da lambar wayarsa da garinsa a jikin buhun, da manyan baƙaƙe, ka sake ɗaukar hoto. Ka kai tasha, ba bakin hanya ba. Direban tasha yana da ƙungiya, yana da shugabanni, in ya ɓata ana iya nemo shi. Wanda ka tsayar a hanya, in ya wuce ya wuce. Ka rubuta sunan direba, da lambar wayarsa, da lambar motar. In suna ba da takarda, wadda suke kira webil, ka karɓa ka adana. Sa'an nan ka aika wa mai sayen duk wannan a rubuce. Ka tambaye shi wa zai karɓa. In ya ce ƙanensa ne zai je tasha, ya rubuto maka sunan ƙanen da lambarsa. Da yawa rigima a nan take. Direba ya ce ya ba wani yaro, mai saye ya ce bai aiki kowa ba.

Akwai wata dabara mai sauƙi. Ka zaɓi lamba huɗu, misali 5083. Ka aika wa mai sayen kaɗai. Ka ce wa direba, kada ya ba kowa kayan sai wanda ya faɗi lamba, shi kuma ya bugo maka waya ya faɗa maka abin da aka ce. In direba ya faɗi 5083, daga ina ya ji? Daga bakin mai saye, ko wanda ya aika. Wannan ya rufe bakin musu. In direban ya yarda ya ɗauki hoton mai karɓa riƙe da kayan, to, ya fi.

Kada ka goge saƙonni. Maganar da kuka yi da baki a waya, iska ta kwashe. Wadda aka rubuta, ko aka aiko da murya a WhatsApp, tana nan. Dokar shaida ta Nijeriya ta shekarar 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta da irinta, in an cika sharuɗɗa. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Saura cuta ɗaya, wadda ta fi sauran wuyar ganewa, gama a cikinta kuɗin gaske ne suke shigowa. Ku saurara da kyau. Mutum uku ne a ciki. Kai kana da rago, ka sa hotonsa. Macuci ya ɗauki hoton, ya sa a nasa shafin, ya ce ragonsa ne. Wani bawan Allah a Kano ya gani, suka yi ciniki. Macuci ya ba shi lambar asusunka, ba nasa ba. Bawan Allah ya tura kuɗi. Kai kuwa macuci ya riga ya kira ka ya ce shi ne mai saye, ga kuɗi nan zuwa. Ka duba, ka ga sun shiga. Ya aiko ɗan acaɓa ko mai mota ya ɗauki rago. Shi ke nan, ya kashe wayarsa. Bawan Allah ya jira rago, shiru. Ya tafi banki ko wurin 'yan sanda. Sunan wa zai kai? Naka, gama asusunka ne ya karɓi kuɗinsa. Ana iya rufe asusun har a gama bincike. Ga rago ya tafi, ga kuɗi ana neman ka mayar, ga sunanka a bakin hukuma.

Maganin wannan karatu ne. Saƙon banki ya kan nuna sunan wanda ya turo. Ka karanta shi. In wanda kuke magana da shi ya ce sunansa Wane, amma sunan da ya fito dabam ne, ka tsaya. Mai yiwuwa ne ta wurin mai POS ya turo, ko ta asusun matarsa, wannan ya kan faru kullum. Amma ka tambaya. Ka ce kana so ka yi magana da mai asusun, ka ji daga bakinsa abin da ya saya, da wurin wanda ya saya, da inda za a kai. Macuci ba zai yarda ku haɗu ba.

To, in an yi duk wannan, mai saye ya ce bai gani ba fa? Ka ce masa ya ba ka kwana biyu. Ka kira direba. In bai ɗauka ba, ka tafi tasha wurin shugabannin ƙungiya da takardarka. In kaya sun ɓace a hannun direba, magana tsakaninka da tasha ce, amma mai sayen bai kamata ya yi hasara ba, sai in tun farko kun rubuta cewa shi ya zaɓi direban, haɗarin hanya kuma nasa ne. In ba haka kuka yi ba, ka aika masa wasu kayan, ko ka mayar masa da kuɗinsa. In za ka mayar, ka mayar cikin asusun da suka fito, kada ka tura wani asusu dabam ko an roƙe ka. In kuwa direba ya nuna an karɓa, ka aika wa mai sayen hoto da lamba da sunan wanda ya karɓa, ba tare da baƙar magana ba. Yawancin masu gwada sa'a, da sun ga haka sai su yi shiru.

Wanda ya ƙi yin shiru, ya ce zai ɓata sunanka a Facebook, kada ka biye masa. Ka haɗa takardunka ka sanar da dagaci, ka kai ƙara ofishin 'yan sanda na Kabo ko na Gwarzo. In an riga an cire maka kuɗi, ka tafi bankinka ran nan, kada ka kwana, gama macuta ba su barin kuɗi su daɗe wuri ɗaya. Zamba laifi ce a dokar ƙasa. Sunan nan 419 da kuke ji, lambar sashen doka ce mai hukunta karɓar dukiyar mutum ta hanyar ƙarya. Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta shekarar 2015. Wasu su kan ji kunya su ɓoye, wai kada a ce an yi musu wayo. Wannan kunya macuci take yi wa aiki, gama gobe maƙwabcinka zai kira.

Aikin yau. Kowa ya buɗe littafinsa, ya ja layi shida. A layin farko ka rubuta kwanan wata. Na biyu, irin kaya da yawansu. Na uku, kuɗin da aka biya, da sunan da ya fito a saƙon banki. Na huɗu, sunan direba da lambar mota. Na biyar, sunan mai karɓa da garinsa. Na shida ka bar shi fili, sai ran da kaya suka isa ka rubuta. Ka cika shi da wani abu da ka taɓa sayarwa, ka kawo wa malam ran Litinin ya duba.