Darasin Kiwon Kaji: Tsami Mai Gyara Hanjin Kajin Nama



A Kawo, da Malali, da Unguwan Rimi, iyalai da yawa sukan sayi 'yan tsaki a watan Oktoba domin su sayar da su lokacin Kirsimeti. Kajin nama sukan isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Amma kazar da ke zawo tana ci ne kawai, ba ta yin nama. Abinci kuwa shi ne ke cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Saboda haka hanjin kaza shi ne asusun mai ita.

Kuskuren da muke yi

Da yawanmu mukan fasa kafso mu zuba wa kaji a ruwa kowace rana, ko suna ciwo ko ba sa ciwo. Ƙwayoyin cuta sukan saba da maganin, har ran da yaro ya kwanta a ba shi irinsa ya ƙi ci. Domin wannan ne ƙasar Suwidin ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don girma kawai a 1986, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2006. Ɗaya daga cikin abubuwan da manomansu suka koma wa shi ne tsami.

Wane irin tsami?

Ba baƙon abu ba ne. Kowace mace ta san nono mai tsami ya fi madara daɗewa. Masana suna kiran irin wannan tsami asid, kuma iri-iri ne. Na lemon tsami sunansa sitirik, na nono laktik, na binega, wato ruwan kal, asetik. Akwai kuma fomik da furofiyonik, waɗanda kamfanoni ke haɗawa su sayar, na gari ko na ruwa.

A kula ƙwarai: ruwan batir ma asid ake ce masa, amma guba ne. Kada ya kusanci kaji.

Aikinsa

Na ɗaya, ƙwayoyin da ke kawo zawo, kamar Salmonella, ba sa jure tsami. Yakan shiga cikinsu ya hana su yaɗuwa. Ƙwayoyi masu amfani kuwa, dangin waɗanda ke tsamar da nono, suna jin daɗinsa.

Na biyu, cikin ɗan tsako bai iya narkar da waken soya da ƙuli-ƙuli sosai ba tukuna. Tsami yana taimakonsa.

Na uku, furofiyonik yana hana fumfuna kama abinci. Wannan ya shafe mu, gama sabuwar masara takan shigo kasuwa kafin ta bushe sarai. Fumfuna tana haifar da dafi mai suna afalatoksin, wanda ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar tunkuzar gyaɗa. Amma in dafin ya riga ya shiga masara, wannan tsami ba ya fitar da shi. Masarar da ta yi fumfuna ba ta kaji ba ce.

Yadda za a yi

1. In na kamfani ne, a duba lambar NAFDAC, a bi awon da aka rubuta. Na gari a fara cuɗa shi da dusa mudu ɗaya, sa'an nan a gauraya da sauran abincin.
2. In binega ne, masu ƙaramin kiwo sukan sa babban cokali ɗaya a galan ɗaya na ruwa.
3. A yi amfani da mazubin roba, gama tsami yana cin ƙarfe.
4. Kada a sa tsami a ruwa kwana ɗaya kafin rigakafi, da ranar, da kashegari. Maganin rigakafin Niyukasil da Gumboro da ake sa wa a ruwa, irin wanda ake yi a Vom, rayayye ne, tsami kuwa yana kashe shi.
5. In kaji sun rage shan ruwa, tsamin ya yi yawa. A rage nan da nan, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Abin da ba ya yi

Tsami mataimaki ne, ba likita ba. Ba ya maye gurbin rigakafi, ko busasshiyar shimfiɗa, ko wanke mazubi kowace safiya. A wasu gwaje-gwaje kaji sun ƙara nauyi, a wasu kuwa bambancin kaɗan ne. In kaji suna kashi da jini ko suna mutuwa, a kira malamin dabbobi.

Aikin ƙungiya

A karanta Karin Magana 27:23 tare. Sa'an nan wani ya raba 'yan tsakinsa gida biyu daidai, abinci iri ɗaya. Gida ɗaya a ba su tsami, ɗayan a bar su. A auna su kowace Asabar, a rubuta nauyi, da abincin da suka ci, da waɗanda suka mutu. Bayan mako 6 a kawo littafin gaban ƙungiya, kowa ya gani da idonsa kafin ya kashe kuɗinsa.

Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu.